Yadda ake koya wa yaro kama kan magana, har ya iya rubuta bayani da kansa

A azuzuwan CE2 zuwa CM2, wato aji huɗu zuwa shida na firamare, akwai wani irin yaro da kowane malami ya sani. Ka ba shi takarda, ya miƙe ya karanta tiryan-tiryan ba gargada, har da tsayawa a aya. Ka ce ya kife takardar ya gaya maka abin da ta ƙunsa, sai ya maimaita maka layin farko yadda yake, ko ya ɗauko wata kalma da ta burge shi, ko ya sunkuyar da kai. Ya iya haɗa baƙi, amma bai iya kama kan magana ba tukuna. Irinsa kuwa suna da yawa: binciken PASEC na 2019, mai auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna kusan yara 3 ne cikin 10 a ƙarshen firamare a Nijar suka kai matakin fahimtar karatu da ake bukata. Yaron da bai iya zaro jigo daga rubutun wani ba, ba zai iya ɗora nasa rubutun a kan jigo ba, don aikin ɗaya ne. Shi ya sa nake bin su a jere: a fara da baki, a shiga karatu, sannan a ɗauki bik.

Kayan aikin ba su da yawa: babban allo, alli, allon hannu na kowane yaro, kaye, da almakashi idan akwai. Harshen aiki kuma, a farko, Hausa ne, ko da a ajin da ake karatu da Faransanci. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da harsunan gida a makarantun gwaji, kuma kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma dalilina ya fi wannan sauƙi. Yaron da ke kokawa da baƙon harshe da sabuwar dabara a lokaci guda, duka biyun za su kuɓuce masa. A nan jihar Tawa za ka sami ƴaƴan Buzaye da na Fulani a aji, musamman ta wajen Abalak da Cintabaradan. Wanda Hausarsa ba ta nuna ba, a bar shi ya fara faɗa wa ɗan uwansa da harshensu kafin ya faɗa wa aji.

Mataki na 1: aike

Kowane yaro an taɓa aikensa, to daga nan za a fara. Ka kira yarinya gaban aji ka zama uwarta, ka ba ta saƙo mai tsawo da gangan:

"Je ki gidan gwaggonki, ki ce ina gaishe ta, ya jikin maigidan. Ki ce jiya na so in leƙo, baƙi suka tsare ni har la'asar. Turmin nan da ta ara tun ranar suna, gobe da asuba ina da daka, a maido shi yau kafin magariba. Kar ki tsaya wasa a hanya."

Sai ka ce: "Ke, kin isa, gwaggo tana sauri za ta fita, kalma goma kawai za ta iya saurare. Me za ki ce?" Ta ɗaga yatsunta goma, duk kalmar da ta faɗa ta naɗe yatsa ɗaya. Yawanci ta farko za ta ƙarar da yatsun a kan gaisuwa da baƙi, aji ya kwashe da dariya, don kowa ya ga turmi ba zai dawo ba. Kafin a kai yaro na uku ko na huɗu wani zai ce: "Inna ta ce a maido da turmi yau kafin magariba." Ka tambayi aji me ya sa wannan ta yi, waccan ba ta yi ba. Bari su faɗa da bakinsu cewa wannan ce idan aka bar ta aiken ya lalace. (Ka ja musu kunne dai cewa wasan aji ne. Kada gobe wata uwa ta zo lakwal tana cewa Mushe ya hana ƴarta gaida mutane.)

A yi wannan minti goma kullum har mako guda, ana sauya saƙo: na mai shago, na liman, na likita game da shan magani. A gida kuma, a sa su saurari kanun labarai na Hausa a Muryar Sahel, su kawo guda ɗaya da safe. Kanun labarai jigo ne tsantsa, wani ya riga ya tace.

Mataki na 2: tambayoyi biyu

Yanzu a shiga rubutu, amma gajere, sakin layi ɗaya, kan abin da yaran suka taɓa gani da idonsu. Ga wanda nake rubutawa a allo:

"Faƙo ƙasa ce mai tauri, ruwan sama ba ya shigarta, gudu yake yi a kanta ya wuce. Da rani manoma suna haƙa ƙananan ramuka a jere, faɗin kowane santimita 20 zuwa 30. Ƙasar da aka tono ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Ana zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara tana bin takin tana huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Idan damina ta sauka ruwa ya taru a ramin, sai a shuka hatsi a ciki. Da wannan dabara ta tassa, ƙasar da aka fid da rai da ita takan koma gona."

Yaran da suka fito daga wajen Illela da Badagishiri, inda tassa ta bazu tun ƙarshen shekarun 1980, za su fi ka sanin zancen, kuma haka ake so. Ka karanta sau ɗaya, su karanta sau ɗaya, sannan ka rufe allon da zane ko ka juya su. Tambaya ta farko: a kan me ake magana? Amsarta kalma ɗaya ce ko biyu, kowa ya rubuta a allon hannunsa ya ɗaga. Za ka ga "tassa", za ka ga "faƙo", za ka ga "gara". Kada ka yi saurin cewa wannan daidai, wancan kuskure. Tambayi mai "gara": a jimla nawa aka ambaci gara? Ya je ya ƙirga, ya tarar ɗaya ce. Mai "faƙo" yana da hujja, don da shi aka buɗe, da shi aka rufe. A bar shi ya kare kansa, har aji ya gane cewa faƙo shi ne matsalar, tassa ce aka zo bayyanawa.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuyar: me aka faɗa mana a kan tassa? Nan yatsu goma za su dawo. Abin da ake nema jimla ce cikakkiya mai aikatau, kamar "Tassa tana mayar da faƙo gonar hatsi." Yara da yawa suna tsayawa a tambaya ta farko su ɗauka sun gama. Ka ce musu: "In na shigo gidanku na ce 'tassa' na yi shiru, na ba ku labari?" Sai sun ƙara wani abu a kai magana ta zama magana.

Wannan mataki shi ne wurin daɗewa. Mako biyu, uku, kullum sabon sakin layi: yadda sauro ke kawo zazzaɓi, yadda ake yin siminti a Malbaza, kamun kifi a tabkin Tabalak, dalilin da ya sa ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta. Tambayoyin biyu ba sa canzawa, har yaro ya fara yi wa kansa su ba a ce masa ba.

Mataki na 3: auna jimlar

Idan ajinku na zana ne, abin misali yana bisa kanku. Jigo shi ne rufin rumfa, sauran jimloli su ne sandunan da suka ɗauke shi. Rufin da ya yi ƙanƙanta zai bar wasu sanduna a rana, wanda ya yi faɗi da yawa zai zube ta gefe don ba abin da ya tallafe shi. Ka zana rumfar a allo, ka rubuta jimloli uku su zaɓa:

"Gara tana huda ƙasa."
"Noma yana da amfani ga ɗan Adam."
"Tassa tana mayar da faƙo gonar hatsi."

Ta farko gaskiya ce, tana cikin rubutun, amma ba ta rufe zancen ramuka da taki da damina ba. Ta biyu ita ce mai yaudara, kuma yara masu wayo su suka fi faɗa mata, don tana da kama da maganar manya. Hanyar kama ta: ka tambaya ko za a iya ɗora wannan jimla a kan rubutun albasa, ko na kiwon kaji, ko na shinkafar Tillaberi. Idan ta hau kan kowane, to ba ta wannan ba ce. Bayan kwana biyu ka daina kawo jimlolin da kanka, ka ɗebo uku daga allunan yaran ba tare da faɗin masu su ba, a auna su tare.

Mataki na 4: baƙuwar jimla da yankakkun takardu

Sake rubuta bayanin tassa, ka soka wannan a tsakiya: "Gara tana cin littattafai idan aka bar su a ƙasa." Gaskiya ce, kuma tana da kalmar da ke cikin rubutun, shi ya sa wasu za su rantse wurinta ne. A tambaya: tana taimaka mana mu gane yadda faƙo ke zama gona? A'a. To a goge ta. Wannan wasa zai yi maka amfani ƙwarai idan aka zo rubutu, don yaron da ya saba korar baƙuwar jimla daga rubutun wani zai yarda a kori tasa.

Sai kuma ka rubuta sakin layi a takarda, ka yanka jimla-jimla, ka ba rukunin yara huɗu ko biyar su jera. Wani lokaci jimlar jigo ta zo a farko, wani lokaci a ƙarshe kamar ta tassa, wani lokaci ka cire ta gaba ɗaya ka ba su farar takarda su rubuta ta da kansu. Ina adawa da dokar nan da wasu ke haddace wa yara, wai jigo shi ne jimlar farko. Takan ci sau da yawa, shi ne ma illarta: yaro ya sami maki ba tare da ya karanta sauran ba, ranar da marubuci ya ɓoye jigonsa a ƙarshe sai ya faɗi bai san dalili ba.

Wani abin lura: yaranmu sun taso da tatsuniya da wa'azi, don haka in ka ce "me muka koya?" za su ba ka darasi, "a riƙa haƙuri", "a daina lalaci". Rubutun bayani ba ya neman wannan. Ka guji waccan tambayar, ka tsaya a kan "me aka faɗa mana?"

Idan sakin layi ɗaya ya zauna, a ba su rubutu mai uku ko huɗu daga littafin kimiyya ko na labarin ƙasa, su ba kowane sakin layi kansa a gefe da fensir, sannan su haɗa kanun su fitar da jimla ɗaya ta dukan rubutun. Wannan ba ya ɗaukar lokaci in na baya sun kafu.

Mataki na 5: tattara bayani kafin rubutu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta batu a allo a ce "ku rubuta layi goma". Yaron da ba shi da abin faɗa zai cika layin da iska. A fara samo abin faɗar.

Albasa ta fi komai dacewa a wajenmu, don zamaninta yana tafiya tare da shekarar karatu: ana zuba iri wajen komawa lakwal, a yi dashe da hunturu, a cire da bazara kafin hutu. Ga ta kuma abin alfahari, albasar Galmi sunanta ya kai ƙasashen waje. A aji, a tsara tambayoyi biyar ko shida tare: Kwana nawa iri yake yi kafin dashe? Yaushe ake daina ban ruwa, kuma don me? Ina ake ajiye ta? Me ke ruɓar da ita? Su wa ke saye, ina suke kai ta? Kowane yaro ya kai tambayoyin wurin wanda ya san aikin, baba ne, kawu ne, maƙwabci mai garka ne, ko mai sayarwa a kasuwa. A koya musu shiga da sallama da neman izini: "Baba, an ba mu aiki a lakwal, in kana da sarari ina da tambaya." A ƙarƙashin kowace amsa yaro ya rubuta wanda ya gaya masa.

Amsoshin ba a rubuta su da cikakkun jimloli, guntaye ake so: "dashe, bayan wata ɗaya da rabi", "a daina ruwa kafin cira", "rudu, iska na shiga", "lawashi, a daka, gabu", "manyan motoci, Gana, Kodebuwa", "araha lokacin cira, tsada da damina". Dalilin guntayen shi ne kada yaro ya kwafe maganar wani ya manna. Dole ya gina jimlar da kansa daga baya.

Washegari a zube duka a allo yadda suka zo, a hargitse, sannan a tambaya waɗanne ne ƴan gida ɗaya. Da kansu za su ware kashi uku: noma, ajiya, sayarwa. Gabu zai tsaya a tsakiya ana gardama a kansa, wasu su ce ajiya ne tunda busar da ganye ake yi, wasu su ce sayarwa. Bar su su yi gardamar, ita ce darasin. Inda amsoshi biyu suka saɓa, misali wani ya ce kwana 40 wani ya ce 50, kada ka yanke hukunci daga kujerarka. A rubuta "kwana 40 zuwa 50", ko a koma a tambayi mutum na uku. Haka ma shekaru. Yaron da ya rubuta cewa a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975 ya faɗi daidai, amma duk da haka a tambaye shi inda ya samo.

Mataki na 6: rubutun kansa

Kowane kashi sakin layi ɗaya ne, kuma kafin a rubuta komai sai an rubuta jigonsa, da yatsu goma, an ja masa layi. Na farko ku yi shi tare a allo, kana tunani da ƙarfi suna ji. A ce kashin ajiya ne. Jigo: "Albasa tana daɗewa idan ta bushe kuma tana shan iska." Sai ka ɗauki guntayen ɗaya bayan ɗaya kana tambaya ko wannan yana tallafa wa jigon:

"Albasa tana daɗewa idan ta bushe kuma tana shan iska. Shi ya sa manomi yake daina ban ruwa kwanaki kafin ya cire ta. Bayan an cire, ana barinta ta sha iska har wuyanta ya bushe. Sannan a ware masu rauni, saboda guda ɗaya ruɓaɓɓiya tana iya ɓata na kusa da ita. Sauran ana zuba su a rudu, wanda ake ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa."

Ka ja hankalinsu ga ƙananan kalmomin da suka ɗaure jimlolin: shi ya sa, bayan, sannan, saboda. A rubuta su a gefen allo su zauna can, a ƙara da "amma" da "misali". Ba don su ba, yaro zai jero "kuma, kuma, kuma" har ƙasan shafi.

Sakin layi na biyu su yi shi bibbiyu, na uku kowa shi kaɗai. Abubuwa uku za ka gani a kayensu. Wani zai buɗe da "Ina mai farin cikin rubuta wannan bayani", don ya saba da wasiƙa. Ka sa yatsa ka rufe layin, ka tambaye shi ko an rasa wani abu. Wani zai rubuta "Albasar Galmi ta fi kowace albasa daɗi a duniya." Kada ka ja masa jan bik. Ka ce: "Kai, ka ɗanɗana ta duniya duka?" In ya yi dariya, ka nuna masa abin da zai iya tsayawa a kai: launinta ja ne mai shuɗi-shuɗi, tana da yaji, ana lodinta zuwa ƙasashen bakin teku. Ra'ayinsa yana da wurinsa a wani irin rubutu, a nan abin da wani zai iya zuwa ya tabbatar ake so. Na uku zai shigo da labarin ranar da jakin kawunsa ya kayar da buhu a hanyar kasuwa. Wannan ita ce baƙuwar jimla, kuma ya riga ya san hukuncinta.

Gabatarwa da kammalawa a bar su sai ƙarshe, kuma gajeru: jimla ɗaya a sama da ta rufe sakin layi ukun, da kai mai kalma uku ko huɗu. A wannan matakin ban damu da kammalawa ba. Yaron da ya tsaya inda bayaninsa ya ƙare ya fi mini wanda ya ƙara "a ƙarshe ina kira ga jama'a".

Mataki na 7: gyara

A ajin da ke da yara 70 ko 80 ba malamin da zai bi kowane kaye layi-layi kowane mako, kuma ba a bukatar haka. Yara su yi musayar kaye. Mai karatu ya karanta sakin layin abokinsa da aka rufe jimlar jigon da ƴar takarda, ya rubuta a allon hannunsa abin da yake ganin shi ne jigon, sannan a buɗe a gwada. Idan sun yi kusa, rubutun ya tsaya. Idan sun yi hannun riga, marubucin ne zai koma ya duba: ko wata jimla ta ɓace, ko baƙuwa ta shigo, ko jigon ne bai dace da abin da ya rubuta ba. Kai kuma ka ɗauki kaye goma kowace rana, ka duba abu ɗaya tak a zagayen farko, wato ko jimlolin suna bin jigo. Ƙa'idar rubutu, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, raba kalma da haɗa ta, a bar su sai zagaye na biyu. Shafin da ya cika da ja, yaro ba ya karanta shi, rufewa yake yi.

Iyayen da ba su yi boko ba suna da rawar takawa a nan fiye da yadda suke zato. Yaro ya karanta wa uwarsa ko kakarsa bayanin da dare, ita kuma ta faɗa masa abin da ta ji a taƙaice. In manomin da aka yi wa tambaya yana kusa, a kai masa ya ji. Shi zai ce "a'a, ba haka na ce ba", kuma gyaransa ya fi na malami shiga kai.

Yaran da har yanzu ba su iya haɗa baƙi sosai ba, kada a ware su daga wannan aiki. Su yi matakan baki duka, a karanta musu su fitar da jigo, su faɗi jimlarsu wani ya rubuta, ana ci gaba da koya musu baƙi a wani lokacin daban.

Idan aka zo mayar da dabarar kan Faransanci, kada a sauya komai sai harshen takardar. A fara da batun da suka riga suka yi, tassa ko albasa, don kalmomin kawai za su zama sababbi. Tambayoyin nan biyu a yi su yadda aka saba, yaro ya fara ba da amsa da Hausa don ka tabbatar ya fahimta, sannan ya nemi yadda zai faɗe ta da Faransanci. A makonnin farko a ba da maki biyu daban, ɗaya na kama jigo, ɗaya na harshe, don ka san wanne daga ciki yaron yake bukatar taimako a kai.